Fumfuna a Jinin Malam Maitama

Duk wanda ya san Malam Maitama na Dayi ya san shi da ƙafa. Gonakinsa uku ne, kowace da nahiyarta, kuma kafin azahar sai ya taka su duka. Matarsa Kulu takan ce ko kajin gidan sun fi shi sanin tsakar gida. Shekarunsa hamsin da takwas, kuma in ban da ciwon suga da aka gano masa shekara huɗu da suka wuce, bai san wata cuta mai kwantarwa ba.

A ƙarshen watan Yuli, yana tsaka da zuba wa masara taki, cikinsa ya murɗa. Ya ce ƙaba ce, ya sha kanwa, ya sha jiƙo. Kwana biyu cikin ya kumbura ya yi tauri, har riga ba ya son ta taɓa shi. Ƙanensa Murtala ya nemo mota aka yi Malumfashi da shi, can suka duba suka ce a wuce Funtua, kada a tsaya ko shan ruwa. A wani asibiti a Funtua aka gano hanjinsa ne ya huje, kuma a ranar aka shiga da shi tiyata.

Da ya farfaɗo sai ya tsinci kansa a ɗakin maza, gado goma sha biyu, da ɗinki tun daga ƙirji har mara. An hana shi ci da sha. An sa masa wata siririyar roba a jijiyar wuya, ta nan ƙarin ruwa da allurai suke shiga. Ya tambayi Kulu kwana nawa za su yi, ta ce an ce goma.

"Ni ma haka aka ce mini," in ji mutumin gadon da ke dama da shi. "Yau sati na shida."

Sunansa Raufu, Bayerabe haifaffen Funtua, bakaniken injinan niƙa da na casa. Fetur ne ya kama da wuta a garejinsa ya ƙone shi daga cinya zuwa ciki. Hausa a bakinsa sai ka rantse Bakatsine ne, kuma babu abin da bai sani ba a ɗakin: wace nas ce mai sanyin hannu, wane famfo ne ke kawo ruwa da hantsi, wane mai shayi ne a bakin ƙofa ba ya ha'inci da madara. Shi ya laƙaba wa Maitama suna Sarkin Noma. Idan matarsa Sekinat ta kawo abinci sai ya ɗaga kwanon ya ce, "Sarkin Noma, bismilla da ido." Maitama ya riƙe ɗinki yana dariya, yana roƙonsa ya bari.

Ana haka zazzaɓi ya kama Raufu. Aka canza masa allura, aka sake canzawa, jikin sai ƙara zafi yake. Surutu ya ɗauke. Wata safiya ma'aikata biyu suka zo sanye da safar hannu da riga mai rufe jiki, suka tura gadonsa zuwa wani ɗaki shi kaɗai a ƙarshen baranda. Suka dawo suka wanke wurin da wani ruwa mai yaji a hanci, har ƙafafun durowa ba su bari ba. Bayan kwana shida Maitama ya ce wa Kulu ta leƙa ta gaishe masa da mutumin. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane.

"Malam, sai dai addu'a. Shekaranjiya aka fita da shi."

Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya juya fuska bango. A ransa ya ce ƙuna ce, ƙuna kuwa ba ta da tabbas.

Shi nasa jikin ya yi kyau. Ya fara shan kunu, ya fara takawa zuwa banɗaki, har aka ce ranar Alhamis za a sallame shi. Ranar Laraba da la'asar sai sanyi ya shige shi, haƙora suna haɗuwa. Aka auna zazzaɓin sauro, babu. Aka duba ɗinkin, lafiya lau. Aka ƙaro allura mai ƙarfi, zazzaɓin ya yi kamar ba da shi ake ba. Sai aka ɗebi jininsa aka zuba a wasu kwalabe biyu aka tafi da su ɗakin gwaji. Alhamis ta zo ta wuce.

Ranar Asabar likitar da ke kula da shi ta zo. Sunanta Dakta Najiba, mace mai ɗan jiki da ba ta ɗaga murya. Ya lura yau da safar hannu ta zo, kuma ba ta zauna a bakin gadon ba kamar yadda ta saba.

"Baba, mun gano abin da ke kawo zazzaɓin. Ka san fumfuna?"

"Wadda ke kama masara in an zuba ta rumbu da danshi?"

"To, danginta ce. 'Yar ƙarama ce, ido ba ya ganinta. Ita ce ta shiga jininka."

Ya dube ta ya dubi Kulu. "Likita, fumfuna a jinin mai rai? Ni rumbu ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce irin wannan abu yana zaune a fatar mutane da hanjinsu ba ya cutar da mai lafiya. Sai ya sami wanda ya daɗe a gadon asibiti, wanda aka buɗe wa ciki, mai suga, mai roba a jijiya, sannan ya sami hanya. Ta ce alluran da aka yi ta ɗura masa sun kashe ƙwayoyin cutar da suka so kashe shi, amma sun haɗa har da waɗanda ke tare wa jiki hanya, fili ya zama nata.

"Wato maganinku ne ya buɗe mata ƙofa."

"Haka ne, Baba. Da ba mu ba ka shi ba kuma, da ba ka kawo yau ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Kulu ce ta ce, "To ai sai a ba shi maganinta, ko?"

"Nan ne wahalar take, Mama. Shekara tara ke nan ina aiki. Da can sai shekara ta zagayo ba mu ga mutum biyu da wannan ba, kuma akwai maganin da muke ba su, su tashi. Bana Baba ne na bakwai. Na yi magana da abokan aikina a Zariya da Kano, su ma abin da suke gani ke nan, kowace shekara ana ƙaruwa. Irin da ke zuwa yanzu kuma ba ya jin wancan maganin. Yana manne wa gado, da hannu, da abin auna zafin jiki, ya tsallaka kan mara lafiyar da ke kusa. Shi ya sa dole mu ware Baba."

Maitama ya ce, "Raufu fa?"

"Baba, ba na faɗin ciwon wani."

Bai sake tambaya ba. Da azahar aka cire robar wuyansa, aka tura gadonsa ta barandar nan har ƙarshe.

Ɗakin taku biyar ne a tsaye, huɗu a kwance, ya auna da ƙafarsa. Gado ɗaya, kujerar roba ɗaya, bokiti, da taga mai ƙarafa da ke kallon katanga. Tsakanin tagar da katangar akwai wata 'yar hanya da ciyawa ta cinye, sama kuma ana hango gindin tankin ruwa da wani yanki na sararin samaniya da bai fi tabarma ba. Kulu kaɗai aka yarda ta shiga, ita ma sai ta sa riga da safar hannu, in za ta fita ta tuɓe ta wanke hannu har gwiwa. Shekara talatin da huɗu suna tare, yau ga shi tana miƙa masa kofi da hannun roba.

Masu dubiya daga Dayi sai su zagayo ta bayan taga su tsaya cikin ciyawa. Ranar farko limamin unguwarsu ya zuro hannu ta ƙarafan don su gaisa, Kulu ta ce, "A gafarta Malam, an hana." Liman ya janye hannun a hankali ya sa a aljihu. Wannan ya tsaya wa Maitama a rai fiye da ɗinkin cikinsa. Kafin mako ya zagayo labari ya koma gida cewa wata cuta ce ta kama shi da ba a faɗin sunanta, masu zuwa suka ragu.

Dakta Najiba ta faɗa masa ƙa'idar. Za a riƙa ɗibar jininsa ana gwadawa. Ranar da aka ga jinin ya fita fes, daga ranar za a fara ƙirga kwana goma sha huɗu na magani, ba fashi. In sun cika, sai gida.

Maganin ruwa ne rawaya kamar ɗorawa, ana rufe ledarsa don kada haske ya taɓa shi, kuma yana ɗaukar awa huɗu yana ɗiga. Da ya fara shiga sai makyarkyata ta tashi, gadon ƙarfe ya riƙa kaɗawa. Kulu ta lulluɓe shi da bargo biyu da zanenta ta danne masa kafaɗu. In ya ƙare sai amai. Kullum da hantsi, da ya ji ƙarar keken magani a baranda, sai ya ja bargo ya rufe fuska. Mutumin da ya taɓa kama bijimi da hannu a kasuwar Malumfashi, yau leda rawaya yake tsoro.

A kwana na biyar jinin ya fita fes. Ya fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Murtala yakan zo taga duk bayan kwana uku da labarin gona: masara ta yi goyo, ta gabas ta fi kyau, ciyawa ta so ta fi ƙarfin waken suya amma an kama ta. Maitama ya riƙa ba da umurni ta tsakanin ƙarafa, a yi kaza, kada a bar kaza. Idan hadari ya taso yakan jingina da tagar ya shaƙi ƙamshin ƙasa, ya ce wa Kulu wannan ruwan ya isa Dayi ko bai isa ba, kamar yana gani. Bakwai, takwas. Har ya sa ta wanke masa babbar rigarsa shuɗiya ta rataye a ƙusa.

A kwana na tara sanyin nan ya dawo, ba a lokacin magani ba. Aka ɗebi jini. Bayan kwana biyu likita ta shigo, tun daga yadda ta rufo ƙofa ya gane.

"Ta dawo, Baba. Akwai inda ta ɓuya, sai mun nemo wurin."

"Kwana taran fa?"

"Sun tafi. In jinin ya sake fita fes, mu faro daga ɗaya."

Da Murtala ya zo taga da yamma ya ji labari, ransa ya ɓaci.

"Yaya, wannan wane irin magani ne da ba ya ƙarewa? Da ƙafarka ka so tafiya ranar Alhamis, su suka sa maka wannan abin. Asibiti ne ya ba ka ciwo, asibitin kuma zai riƙe ka? Mu tafi gida. Akwai mai magani a wajen Bakori, an ce ko jini ne ya ɓaci yana wanke shi. In ma ajali ne, gara ya same ka a ɗakinka."

Kulu ta ce, "Murtala, ka bari."

"Ke ba ki ga yadda ya koma ba ne? Dubi wuyansa."

Maitama ya ɗaga hannunsa ya duba. Fatar ta saki, jijiyoyin duk sun yi baƙi saboda huda, har an koma neman su a ƙafa. Ya ce wa Murtala ya je, zai yi tunani.

Kwana biyu yana juya maganar. Ya dubi silin, ya dubi tabon da ruwa ya yi a kusurwa. Ya san a kan wannan gurbin aka ajiye gadon Raufu, wannan tabon shi ma shi ya kalla. Wani abu kuma ya fara damunsa da bai gaya wa kowa ba: idonsa na hagu ya fara ganin wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje, in ya kai hannu babu komai. Ya ce a ransa haka ake farawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kulu ta fita wanki bayan ɗakunan, ma'aikata kuma sun ragu. Ya tashi zaune. Ya zare allurar ƙarin ruwa daga ƙafarsa ya danne wurin da auduga, ya zura babbar rigar a kan kayan asibiti, ya sa hula. Ya buɗe ƙofar da bai taɓa buɗewa da hannunsa ba.

Barandar ta yi masa tsawo. Ya riƙa bin bango, yana hutawa a kowane ginshiƙi, iska tana kaɗa rigar kamar an rataye ta a sanda. Dabararsa ya kai bakin titi ya hau mashin zuwa tasha, in ya so ya kira Murtala daga can. Da ya zo daidai ƙofar ɗakin maza sai ƙafafunsa suka ce sun gaji, ya dafa ƙyaure. Wani dattijo yana zaune a kujera a bakin ƙofar, an fito da shi shan iska, da roba a wuyansa irin wadda aka taɓa sa wa Maitama, da bandeji a ciki. Dattijon ya ga mutum da babbar riga, ya ɗauka mai dubiya ne, ya yi murmushi ya miƙo hannu.

"Salamu alaikum, Alhaji. An sauko lafiya?"

Hannun Maitama ya tafi da kansa, don abin da ya saba ke nan tun yana yaro. Saura kaɗan su haɗu ya fizge shi ya ɓoye a cikin riga. Sai kuma ya dubi ƙyauren da ya dafa, da bangon da ya biyo, da ginshiƙan da ya jingina da su ɗaya bayan ɗaya. Dattijon yana nan da hannu a miƙe, fuskarsa ta fara canzawa.

"Wa alaikumus salam. Ka yafe ni, Malam, ba wulaƙanci ba ne. Ba ni da lafiya ne."

Ya ƙarasa bakin matakala ya zauna a ƙasa. Daga nan yana hango ƙofar asibitin a buɗe, mashina suna wucewa, wata mota ɗauke da buhunan taki, mai rake yana fere. Bai fi taku sittin ba. Ya san ko an ce ga Dayi can a bakin ƙofar ba zai iya kaiwa ba.

A nan Kulu ta same shi, hannunta duk kumfa. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba. Ta tsuguna a gabansa.

"Ina zuwa, Malam?"

"Gida."

"To. In ka je gida, wa zai sa maka maganin?"

"Na gaji, Kulu. Ɗakin nan kabari ne da taga."

"Ni ma a cikinsa nake kwana." Ta goge hannu da zane. "Ban taɓa gaya maka ba. Ranar da aka fito da Raufu ina wurin famfo. Ni na riƙe Sekinat, ta faɗi a jikina. Ta ce mini da an gano abin da wuri ko da kwana uku ne, da wataƙila an yi wani abu. Kai an gano naka, ana yi. Shekara talatin da huɗu ban taɓa ce maka a'a ba, yau na ce. In ka fita ƙofar can, da ƙafarka za ka fita, ba da hannuna ba."

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce, "Idona na hagu ya fara lalacewa. Kwana huɗu ke nan."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Ki kira su. Ki ce musu kuma na taɓa bangon nan tun daga ɗaki har nan, da ƙyauren can. Su wanke."

Ya ƙi yarda a kawo keke. Da ƙafarsa ya koma, ta tsakiyar baranda, hannayensa naɗe a cikin riga, Kulu tana tallafe da gwiwar hannunsa.

Dakta Najiba ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce gara da ya faɗi maganar idon. Aka yi masa hoton ciki, aka ga wani ɗan ƙullin mugunya a ƙarƙashin ɗinki, nan abin ya ɓuya. Aka huda aka zuƙe shi. Likitan ido ya zo ya haska, ya ce fumfunar ta taɓa bayan idon hagu, ya yi masa allura a cikin idon. Gwaji kuma ya nuna ruwan rawayan ya fara taɓa masa ƙoda, dole a rage shi. Aka aika da jininsa Zariya don a san ainihin irin da ke jikinsa da maganin da zai ji, aka yi kwana shida ana jiran amsa da sabon magani. A kwanakin nan zazzaɓi ya kai shi inda ba ya gane Kulu sosai, yana kiran sunayen shanun da ya sayar tun shekara goma. Murtala ya zo taga ya gan shi, bai sake maganar mai maganin Bakori ba. Ya zauna cikin ciyawar ya yi kuka.

Sabon maganin ya karɓe shi. Zazzaɓi ya sauka, jini ya fita fes, aka sake gwadawa ya sake fita fes. Sai dai likita ta ce tunda abin ya taɓa ido, maganar kwana goma sha huɗu ta tashi, sai an yi aƙalla sati huɗu, wataƙila shida.

"Duk yadda kika ce, 'yata," in ji shi.

Daga nan bai ƙara ƙirga ba. Ya roƙi a kawo masa rediyo, aka sa ta a leda aka ajiye a taga. Ya koyi zagaya ɗakin, taku biyar, taku huɗu, sau ɗari da safe sau ɗari da yamma, don kada ƙafafun su mutu. Wasu ranakun ba ya magana sam. Wasu ranakun shi da Kulu sukan yi hirar da ba su taɓa samun lokacinta ba, ta mutanen da suka rasu, da shekarar da fari ya sa suka ci dusa, da 'yarsu ta fari da ba ta yi kwana arba'in ba. Ruwan sama ya ɗauke yana ɗakin. Murtala ya zo ya ce an yi gayya an karye masara, an kai gida. Maitama ya tambaya ko ta bushe sosai kafin a zuba, Murtala ya ce ta bushe, ya ce a sake shanya ta kwana biyu duk da haka.

Ranar da aka sallame shi, a tsakiyar Oktoba, kwanansa saba'in da tara a asibitin. Dakta Najiba ta ce zai iya cuɗanya da iyalinsa, masu lafiya ba abin da zai same su, ya dai riƙa wanke hannu da sabulu. In kuma wata rana aka sake kwantar da shi a ko'ina, ya faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa ya taɓa yin wannan ciwon. Idon hagu ya tsira, amma ganinsa ya zama kamar ta cikin hayaƙi, ta ce da wuya ya wuce haka. Ya tambaye ta ko shi ne na ƙarshe a bana. Ta ce a'a, an sami biyu bayansa, ɗaya mace ce daga Dandume, an ware ta a ɓangaren mata. Ya ce Allah ya ba su lafiya, ta ce amin.

Kafin su kama hanya ya sa direba ya bi da su unguwar su Raufu. Sekinat ta fito da hijabi har ƙasa, da farko ba ta gane shi ba sai da ta ga Kulu. Suka zauna a tabarma a ƙofar ɗaki, ya yi mata ta'aziyya, ya ce mijinta ya yi masa alheri a lokacin da bai san kowa ba. Ta ce, "Yana yawan maganarka, Baba. Har a ɗakin can yana tambaya ko an bar ka ka fara cin abinci." Ta kawo ruwa, ya sha, suka yi addu'a suka tashi.

Bayan sun wuce Bakori ya sa aka sauke gilashi. Dawa ce dama da hagu, ta yi kai ta sunkuya. Ya rufe idon hagu da tafin hannu don ya gani da kyau.

"Tamu ta kai haka?"

"Ta fi haka," in ji Murtala daga gaba. "Tsuntsaye ne dai suka dame mu. Na ce ko jibi mu sa a yanke."

"Jibi? Da ɗanyenta? A'a. A ba ta kwana goma."

"Yaya, ba ka gan ta ba fa."

"To gobe ka ɗauke ni a mashin in gan ta."

Kulu ta ce ba inda za shi gobe, likita ta ce hutu. Ya ce ai a zaune zai je, a zaune zai dawo. Suna wannan musun har suka shiga Malumfashi, inda ya ce a tsaya a sayo masa ƙosai, don ya ji ƙamshinsa tun daga nesa.